Shin akwai amfani a yi hira da jaririn da bai fara magana ba?

"Assalamu alaikum. 'Yata ta fari tana da wata 8. Idan ina yi mata wanka ko ina shayar da ita nakan yi ta yi mata surutu, amma uwar mijina ta ce in daina, wai rashin kunya ne uwa ta riƙa hira da 'yar fari, kuma wai yarinyar ba ta san abin da nake faɗa ba, idan lokacin maganarta ya yi za ta yi. Maigidana kuma yana kunna mata bidiyon yara na Turanci a waya, yana cewa ta haka za ta tashi da Turanci a bakinta. Wanne ne daidai, kuma yaya ya kamata in riƙa yi mata magana?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya yi mata albarka. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko yarinya 'yar wata 8 tana amfana da maganar da ake yi mata, ko waya za ta iya koya mata harshe, sannan yadda za ki yi da al'adar kunyar ɗan fari ba tare da kin saɓa wa Hajiya ba. Aikina duba yaran da ke da matsalar ji da jinkirin magana ne, kuma dukkan ukun nan ina cin karo da su a wurin aiki. Amsata a taƙaice ita ce ki ci gaba da yi mata hira, amma ki sani cewa abin da ya fi gina harshen yaro shi ne musayar da ake yi da shi, wato ya yi sauti ko ya kalli wani abu a amsa masa, shi ma ya mayar, a sake amsa masa. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan zai tsaya.

Abin da jariri ke ji tun kafin ya buɗe baki

Kunnen yaro yana fara aiki tun yana ciki, kuma a watanni ukun ƙarshe na goyon ciki yana jin muryar mahaifiyarsa, ko da yake kalmomin ba sa fita masa sarai, tashi da saukar muryar ne yake ɗauka. A shekarar 1980 wani masani a Amurka mai suna Anthony DeCasper ya nuna cewa jariran da ba su wuce kwana 3 da haihuwa ba suna sauya yadda suke tsotso don a kunna musu muryar mahaifiyarsu maimakon ta wata mace. A 1988 kuma masu bincike a birnin Paris suka gano cewa jarirai 'yan kwana 4 da aka haifa a gidajen masu Faransanci suna bambanta Faransanci da Rashanci. Ke nan tun kafin ranar suna yaro ya riga ya san amon harshen gidansu.

Abin da ya fi shafar 'yarki a yanzu shi ne aikin Janet Werker a ƙasar Kanada, wanda ta wallafa a 1984. Ta gwada jariran gidajen masu Turanci da wasu sautuka na harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada, sautukan da babu su a Turanci, waɗanda iyayen yaran ba sa iya jin bambancinsu. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna jin bambancin, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina ji. Abin da ke faruwa shi ne a tsakanin waɗannan watanni ƙwaƙwalwar yaro tana tantance sautukan da take yawan ji daga mutanen da ke mu'amala da shi, ta riƙe su, ta saki sauran. Duk wanda ya taɓa jin baƙon da ya koyi Hausa da girma yana fama da ƙ da ɓ da ɗ ya ga sakamakon wannan tantancewa, domin kunnensa ya rufe a kan sautukan harshensu tun yana goye. 'Yarki tana tsakiyar wannan lokaci ne yanzu.

Game da cewa ba ta san abin da kike faɗa ba, Hajiya tana da rabin gaskiya, domin lallai ba ta fahimtar jimla. Amma wani bincike da aka yi a Jami'ar Pennsylvania a 2012 ya nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 sukan mayar da ido kan hoton abin da aka ambata idan abin sananne ne a wurinsu, kamar abinci ko wani sashe na jiki. Fahimta tana riga furuci da watanni, don haka kalmar da za ta fara faɗa wajen cikarta shekara, tun yanzu take tara ta.

Yawan magana da kuma amsa wa yaro

Akwai wani bincike da ya yi suna ƙwarai, wanda Betty Hart da Todd Risley suka fitar a 1995 bayan sun bi gidaje 42 a yankin Kansas na Amurka suna naɗar abin da ake faɗa wa yara. Daga lissafinsu aka samo zancen nan cewa 'ya'yan masu hali suna jin kalmomi kusan miliyan 30 fiye da 'ya'yan talakawa kafin su shiga makaranta. Ni ba na jingina da wannan adadi sosai, saboda gidajen kaɗan ne, kuma an ɗauki awa guda a wata ne aka ninka ta, sannan masu bincike na baya sun nuna cewa lissafin bai kula da maganar da yaro ke ji daga sauran mutanen gida ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne abin da ya biyo baya. A 2018 Rachel Romeo da abokan aikinta a Amurka suka duba yara 'yan shekara 4 zuwa 6, suka ga cewa yawan karɓa-karɓar magana tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da yaron ya ji alaƙa da ƙwarewarsa a harshe, har ma da yadda sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana ke aiki. Kafin nan, a 2003, Michael Goldstein ya gwada iyaye mata da jarirai masu kimanin shekarun 'yarki. Wasu an ce su matso su yi murmushi su taɓa yaron daidai lokacin da ya yi gwaranci, wasu kuma suka yi hakan daidai gwargwado amma ba a lokacin da yaron ya yi sauti ba. Yaran rukunin farko ne gwarancinsu ya ƙaru ya kuma ƙara kama da magana.

Wannan shi ne abin da na fi dubawa idan uwa ta kawo mini yaro. Nakan bar su a kan tabarma da ƙaramin kofi da cokali, in koma gefe kamar ina rubutu. Sau da yawa yaron zai ɗaga kai ya kalli fankar da ke juyawa, ya ce "ba-ba-ba", ya waiwayo ya kalli fuskar uwarsa. Wannan waiwayen tambaya ce. Wata uwar ba za ta lura ba, wata za ta jawo shi ta gyara masa riga, wata kuma za ta kaɗa masa cokali tana cewa "ga cokali, ga cokali", alhali hankalinsa yana sama. Abin da nake so in gani shi ne uwa ta bi idonsa ta ce, "Fanka kake kallo? Ga fanka can, tana juyawa," sannan ta yi shiru tana kallonsa. Shirun nan shi ne abin da ya fi wa iyaye wuya, kuma nakan ce su ƙirga biyar a zuci kafin su sake magana, domin jariri yana da nawa wajen haɗa amsarsa, kuma idan ba a ba shi wuri ba sai ya zama mai sauraro kawai. Idan ya sake cewa "ba", sai a karɓa masa kamar ya faɗi magana mai ma'ana, a ce "Eh, fanka ce." Hira ke nan an yi, kuma irinta ake nufi.

Yadda za ki yi a aikace

Ki sa ido kan abin da take kallo ko take miƙa wa hannu, ki faɗi sunansa a lokacin. Kalmar da aka faɗa a kan abin da hankalin yaro ya riga ya tafi kansa ta fi zama masa fiye da wadda aka janyo hankalinsa da ƙarfi aka faɗa masa. Ba kya buƙatar kayan wasa na kanti, domin murfin tukunya da ludayi da kazar da ke wucewa a tsakar gida duk sun isa.

Muryar nan da mata ke yi wa jarirai, mai ɗan tashi sama, mai jan wasula, a hankali, kada ki ji kunyarta. Wani bincike da aka fitar a 2022 wanda ya naɗi muryoyin mutane daga al'ummu 21 a sassan duniya ya nuna cewa kusan ko'ina haka ake sauya murya idan ana yi wa jariri magana, kuma jarirai sun fi sauraronta. A Hausa ma tana da ƙarin amfani, tun da harshenmu yana bambanta kalmomi da tsawon wasali da karin sauti, kuma idan an ja magana a hankali waɗannan sun fi fitowa. Abin da nake ba da shawara shi ne murya ta zama ta jarirai amma kalmomin su zama na gaskiya, a cikin gajerun jimloli cikakku: "Zo mu yi wanka. Ga ruwa. Ruwan da ɗumi. Kawo ƙafa." Maimaitawa ba laifi ba ce, ita ce ma hanyar, domin jin "ruwa" a wurin wanka da wurin sha da lokacin da ake ruwan sama shi ke sa ta ware kalmar daga cikin jimla. 'Yan kalmomin raino da ake yi wa yara, irin su "ta-ta-ta" idan ana koya musu tafiya, ba sa cutarwa matuƙar ba su ne kaɗai ake yi musu ba.

Akwai abu ɗaya da ya shafi yadda muke raino. Yaronmu yakan yi awoyi a goye, kuma goyo yana da alheri mai yawa, yana jin ɗumin uwa, yana jin duk abin da ake faɗa a gida da kasuwa. Sai dai a baya ba ya ganin fuskarki, alhali daga wajen wata 6 jarirai suna yawan kallon bakin mai magana. Saboda haka lokutan da kuke fuska da fuska su ne masu tsada: shayarwa, wanka, shafa mai, sauya ƙunzugu, ba ta kunu. Waɗannan da ma kina yin su kullum, ba wani sabon aiki aka ƙara miki ba, kuma su ne daidai lokutan da kika ce kina yi mata surutu. Idan tana goye kuma kina aiki, kina iya faɗin abin da kike yi, ki kuma amsa idan kin ji ta yi sauti.

Waƙoƙin raino da wasan rufe fuska da mayafi a buɗe suna koya mata jira da karɓa, musamman idan kika tsaya a tsakiyar waƙar da ta saba ji kika jira ta motsa ko ta yi sauti kafin ki ci gaba. Nan gaba idan ta fara furta kalmomi za ta karya su, ta ce "uwa" tana nufin ruwa. Kada a ce mata "ba haka ake faɗa ba", kuma kada 'yan gida su mayar da karyayyar kalmar abin dariya har ta zama ita kowa ke faɗa. A mayar mata da daidai tare da ƙari kaɗan: "Ruwa kike so? Ga ruwa." Haka nan yawan "ce Baba, ce Mama" a gaban baƙi jarrabawa ce, kuma yara da yawa sukan yi gum idan an matsa musu.

Batun waya da Turanci

Niyyar maigidanki mai kyau ce, amma hanyar ba za ta kai shi inda yake so ba, kuma an gwada wannan kai tsaye. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da ke Seattle ta kawo jariran Amurka 'yan wata 9 aka riƙa zaunar da su da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu, zama 12 cikin kimanin wata guda. Bayan nan yaran suna bambanta sautukan Sinanci kamar jariran da aka haifa a Taiwan. Sai aka nuna wa wani rukunin jarirai waɗannan masu jin Sinancin dai suna faɗin abu iri ɗaya amma a talabijin, wani rukunin kuma aka kunna musu murya kawai. Waɗannan rukunai biyu ba su koyi komai ba, sun fito daidai da yaran da ba su taɓa jin Sinanci ba. Dalilin shi ne allo ba ya ganin inda yaro ke kallo, kuma ba ya amsa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a rana. Kiran bidiyo da kaka ko uban da ke tafiya daban ne, domin a nan akwai mutum mai amsawa. Ina kuma ƙara jan hankali kan wayar da ke hannun babba, domin uwa ko uban da idonsa ke kan waya ba ya ganin waiwayen nan da na ambata.

Idan maigida yana jin Turanci sosai kuma yana so ta tashi da shi, to ya ɗauke ta ya yi mata da bakinsa, ke kuma ki yi mata Hausa. Harshe biyu ba sa rikita yaro kuma ba sa jawo jinkirin magana, kuma mu shaida ne, tun da gidaje nawa ne yara ke tashi da Hausa da Fulatanci ko Hausa da Barbarci ba tare da wata matsala ba. Yaron zai riƙa cakuɗa su na ɗan lokaci kamar yadda manyan gidan ke yi, daga baya ya raba. Abin da nake hana iyaye shi ne su bar harshen da suka ƙware a kai su koma yi wa yaro guntun Turancin da bai wuce "zo" da "zauna" da "bari" ba. Yaron da aka yi wa haka yakan tashi ba shi da wadatar kalmomi a kowane harshe, alhali wanda ya ƙoshi da Hausa yana da tushen da zai ɗora Turancin makaranta a kai.

Kunyar ɗan fari

Ba na ganin hikima a ce za ki yi jayayya da surukarki a kan wannan. Alkunyar da ake yi wa ɗan fari tsohuwar al'ada ce, kuma a da tana tafiya da wani tsari, domin yaron yana cikin babban gida inda kaka da goggo da inna da yayye ke ɗaukarsa suna yi masa wasa, har kaka ta riƙa tsokanarsa da "mijina" ko "kishiyata". Abin da uwa ta kame baki ba ta yi ba, wasu suna yi. Matsalar takan taso ne inda aka riƙe kunyar amma babban gidan ya watse, aka bar uwa da jariri su biyu a ɗakin haya tun safe har dare, ita ba ta yi masa magana, babu kuma wani mai yi. Irin waɗannan yaran ina ganinsu, kuma sau da yawa jinsu lafiya lau yake.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A ƙauyukan Wolof na ƙasar Senegal an samu iyaye mata suna guje wa hira da jarirai da haɗa ido da su saboda tsoron iskokai da kuma gudun a ce sun zautu. Wata ƙungiya mai suna Tostan ta yi aiki da al'ummomin a kan wannan, kuma binciken da Ann Weber da Anne Fernald na Jami'ar Stanford suka fitar a 2017 ya nuna cewa bayan shekara guda matan ƙauyukan da aka yi shirin sun ƙara yawan magana da 'ya'yansu sosai, yaran kuma sun fi na sauran ƙauyukan ci gaba a magana.

Shawarata ita ce ki raba abin gida biyu. A gaban Hajiya da manya ki kiyaye abin da al'ada ta nema, ki sakaya sunan yarinyar idan haka ake yi a gidanku, domin laƙabi ma suna ne a kunnenta matuƙar da shi ake kiranta kullum. A ɗakinki kuwa, da lokacin wanka da shayarwa, ki yi hirarki. Sannan ki jawo Hajiya cikin aikin, tun da ita babu kunya tsakaninta da jikarta: ki miƙa mata ita ki ce, "Hajiya, ga kishiyarki tana ta ƙorafi, ki ji abin da take cewa." Muryoyi daban-daban alheri ne ga yaro. Maigida ma idan ya fahimci dalilin, shi ya fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa bayani.

Iyakar abin da wannan shawara za ta yi

Ya kamata in faɗi gaskiya cewa yawancin binciken nan a Amurka da Turai aka yi shi, a gidajen da uwa da uba da yaro ne kawai. An duba al'ummomin da ba su cika yi wa jarirai magana kai tsaye ba, kamar Tseltal na ƙasar Meziko, aka ga yaransu suna fara kalmomi da haɗa jimloli a kan lokaci, domin suna koyo daga abin da ake faɗa a kewayensu. Don haka ba daidai ba ne a ce duk uwar da ta yi kunyar ɗanta ta cuce shi. Hira da yaro tana ƙara masa yawan kalmomi da saurin fahimta, ba ita ce ke sa ya yi magana ko ya ƙi yi ba. Haka kuma ba ita kaɗai ba ce, domin tamowa da ƙarancin jini da yawan ciwo suna rage wa yaro kuzarin koyo, uwar da ke cikin baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa kuma takan kasa amsa wa jaririnta, kuma wannan ciwo ne da ake magani, ba sakaci ba ne. Sai dai ko a cikin talauci wasa da hira suna tasiri: a Jamaika an bi yaran da rashin abinci ya tsumburar, waɗanda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajensu mako-mako tsawon shekara 2 suna koya wa iyaye wasa da magana da su, aka tarar bayan shekara 20 suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kimanin kashi 25 cikin 100.

Amsa daga nesa ba ta maye gurbin duba yaro, don haka ga abin da za ki sa wa ido. A watanninta na yanzu ya kamata tana juyowa idan an kira ta ko an yi motsi a bayanta, tana kuma gwaranci mai maimaita gaɓa kamar "ba-ba" ko "da-da". Wajen shekara guda ana sa ran ta fara nuni da yatsa, ta gane "a'a" da "zo", kalmar farko kuma ta fito a kusa da nan, ko da yake wasu yaran lafiyayyu sukan kai wata 15 ko 16. Zuwa shekara 2 yawancin yara suna da kalmomi kusan 50 kuma suna haɗa biyu, kamar "Mama zo". Idan ta kai wata 10 babu gwaranci, ko wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ba ta haɗa ido da nuni, ko kuma ta daina abin da ta riga ta iya, to a kai ta asibiti, kada a tsaya ga "babanta ma bai yi magana da wuri ba".

Abu na farko da za a nema shi ne gwajin ji, musamman idan ta yi ciwon shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnenta yana zubar da ruwa, domin waɗannan suna cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara a yankinmu. Tafa hannu a gabanta ba gwaji ba ne, saboda tana ganin motsin. Ana yin gwajin da na'ura ko da jariri yana barci, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kuma kada a kai ta wurin wanzami a ce a yanka mata ƙarƙashin harshe don ta yi magana, domin ɗaurin harshe yana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana yaro fahimtar magana ko tara kalmomi, kuma idan ana zargin akwai shi likita ne zai duba ya yanke hukunci.